Inda na koyi harbin baka a Kano, da yadda idona ya mayar da ni bahago

Kibiya shida na fara harbawa a rayuwata, wata ranar Asabar bayan la'asar, kuma babu ko ɗaya da ta taɓa takardar da ake auna. Duk shidan hagu suka bi, suka je suka cake a buhunan da aka jera a gefe, kusa da juna kamar an dasa su da hannu. Mai koyar da mu ya zo ya duba, ya ce, "Yaya, ai hannunka a tsaye yake, dubi yadda suka taru wuri ɗaya. Saiti ne kawai, zai zo." Maganarsa a kan hannun gaskiya ce. Saitin kuwa bai zo ba sai bayan mako uku, ranar da aka gano cewa idona na hagu ne yake jan ragama alhali da hannun dama nake jan tsirkiya.

Ni tela ne a Fagge, shekarata 41, na fi shekara ashirin a kan keke. Duk wanda ya san aikinmu ya san inda yake cin mutum: wuya, kafaɗa da gadon baya. Bara ciwon ya matsa mini har likita ya ce lallai in nemi motsa jikin da zai buɗe mini ƙirji, ya ƙarfafa bayana. Ƙwallo ta wuce ni, gudu kuma gwiwa ba ta so. Babban ɗana, mai shekara 13, shi ya kawo maganar baka. Tun gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024 yake nuna mini bidiyon 'yan matan Koriya ta Kudu, waɗanda suka ci zinare na ƙungiya karo na goma a jere tun daga 1988, yana cewa, "Abba, dubi, daga mita 70 fa suke harbi." Wani abokin karatunsa ya gaya masa akwai mai koyarwa a Hotoro, a wani fili mai katanga bayan wata makaranta mai zaman kanta. Muka je tare. Yanzu watanmu uku da ɗoriya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Ban nemi izinin mai wurin ba, don haka ba zan kama sunansa ba. Matashi ne da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, mu duka Malam muke ce masa, shi kuma Yaya yake kirana.

Ana yin ajin maza Asabar da Lahadi, daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa dab da magariba. Mata suna da nasu lokacin da safe, tare da wata mai taimaka masa. Mun biya naira 20,000 kowannenmu a wata, kuma kuɗin ya haɗa da aron baka, kibiyoyi, da fatar da ake ɗaurawa a damtse don kada tsirkiya ta tsula wa mutum bulala, da wata 'yar fata ta yatsu. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali a wannan zamani, amma da na ji farashin baka ɗaya idan an yi odarsa daga waje, sai na daina ganin tsadarsa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tsari. Malam ba ya wasa da layi. An ja farin layi da toka a ƙasa, kuma usur ne ke magana: busa biyu, a zo kan layi, busa ɗaya, a fara harbi, busa uku, a ajiye baka a je a ciro kibiyoyi. Idan ya yi ta busawa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya sassauta tsirkiya ya cire kibiya, ko da ya riga ya ja har haɓa. Na ga ranar da wata akuya ta shigo ta ƙofar baya da ɗan yaro a bayanta, kafin yaron ya yi taku uku an busa, bakuna bakwai sun sauka ƙasa. Na kuma ga ranar da ya zaunar da wani saurayi, ɗan masu hali, har aka tashi bai sake taɓa baka ba, saboda ya ɗana kibiya ya juyo yana yi wa abokinsa magana. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce masa, "Yau kallo za ka yi." Uban da zai bar ɗansa a wurin da ake harba ƙarfe mai tsini, irin wannan yake so ya gani. Haka kuma tun ranar farko ya hana mu sakin tsirkiya babu kibiya a kai, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma jikin bakan, ya iya tsage shi a hannun mutum.

Bakunan na zamani ne, irin masu lanƙwasar baki, masu gida uku: mariƙi a tsakiya da reshe biyu da ake ɗaurawa da noti. Nauyin jansu daga laba 18 zuwa 24 ne, wato kilo 8 zuwa kusan 11, daidai da mai koyo. Ni aka ba ni mai laba 20. Daga mita 10 ake farawa, a kan takarda mai faɗin santimita 80 mai zobba kala biyar: rawaya a tsakiya maki 10 da 9, sai ja, shuɗi, baƙi, fari a baki maki 2 da 1.

To a nan ne na sha wahala. Mako na farko hagu. Mako na biyu hagu. Ɗana a gefena tuni ya fara shiga shuɗi da ja, ni ko farin ban samu ba sai in na yi dabara na auna can gefen dama na buhun, kamar mai harbin wani abu daban. Malam ya gyara mini tsayuwa, ya gyara kafaɗa, ya ce ina damƙe mariƙin da ƙarfi, ya ce ina fizge yatsu wajen saki. Duk na gyara. Kibiyoyin suka ƙara matsewa wuri ɗaya, amma wurin bai matso ba. Wani lokaci kuma, in na zuba wa tsinin kibiyar ido, sai in ga ya zama biyu, in rasa wanne zan ɗora a kan rawayar. Wata kibiyar ta faɗa tsakiya, ta gaba ta koma hagu da kamu uku, ban canza komai ba. Wannan ya fi ci mini rai fiye da kuskuren kansa, domin ni mutum ne da ya saba in ya ja layi da alli a kan yadi, almakashi ya bi shi.

Ranar Lahadin mako na uku, wani dattijo da muke aji ɗaya, tsohon soja da ya yi ritaya, ya tsaya a bayana yana kallo. Da aka busa uku sai ya ce wa Malam, "Ɗana, ka gwada idon bawan Allahn nan kuwa?" Malam ya yi shiru, sannan ya dafe kai ya ce, "Wallahi Baba ban gwada ba."

Gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba. Malam ya ce in miƙe hannuwana biyu gaba, in haɗa tafukan ta yadda 'yar ƙaramar kafa mai kusurwa uku za ta rage tsakanin manyan yatsu da manuniya, faɗinta kamar kwalbar turare. Ya nuna mini lasifikar da ke kan hasumiyar wani masallaci can bayan katanga, ya ce in sa ta a tsakiyar kafar, idona biyu a buɗe. Na sa. Ya ce, "Rufe na hagu." Na rufe, lasifikar ta ɓace, sai bayan hannuna nake gani. "Buɗe. Rufe na dama." Na rufe, ga ta nan daram a tsakiyar kafar, ko motsi ba ta yi ba. Ya sa na sake sau uku. Sannan ya ce in bar idanun a buɗe, in jawo hannuwan sannu a hankali zuwa fuskata ba tare da na rasa lasifikar ba. Da tafukan suka taɓa fuskata, kafar a kan idon hagu take. Ni ban kai ta can ba, da kanta ta je.

A tsaye a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. In zan zura zare a allura, gefen hagu na fuskata nake kai ta. In ina duba ko ɗinkin bakin riga ya miƙe, idon dama nake kannewa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa da dare, idon hagu nake sawa a kafar ƙyaure. Shekara arba'in ina haka ban taɓa lura ba.

Malam ya tsuguna ya zana mana abin a ƙasa da gindin kibiya. Ɗigo biyu, idanu. Tsakaninsu wajen santimita 6 ne ko da ɗan ɗori. Mai harbi da dama yana kawo tsirkiya gefen dama na fuskarsa, gindin kibiya yana ƙarƙashin idon dama, saboda haka layin kibiya da layin idon dama tafiyarsu ɗaya. In idon hagu ne ƙwaƙwalwa ta fi saurara, to shi zai ɗora tsinin kibiya a kan rawaya, daga inda yake, can gefe. Mutum yana ganin ya saita, alhali kibiyar ta karkace hagu. Tsinin kibiya bai fi santimita 70 daga fuska ba, takarda kuma tana mita 10, don haka 'yar tazarar nan ta idanu sai ta ninku fiye da sau goma kafin ta isa. Ga dalilin da ya sa nake kuskure takarda mai faɗin santimita 80 gaba ɗayanta. Lokutan da nake faɗawa tsakiya kuwa, lokutan ne da tsirkiya ko hancina ya tare wa idon hagu hanya, na dama ya samu ya yi aiki.

Ya kuma ce kada in ɗauka ciwon ido ne. Rinjayen ido daban, ƙarfin gani daban. Yana yiwuwa ido mai rinjaye ya zama shi ne ma ya fi rauni a gwajin asibiti. Kamar yadda mutum ke da hannun da ya fi sakewa da shi, haka yake da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi wajen gane inda abu yake. Wajen mutum tara cikin goma na-dama ne a hannu, amma a ido masu dama ba su wuce kamar biyu cikin uku ba. Ke nan irina suna da yawa a gari, ba su dai taɓa yin aikin da zai tona abin ba.

A nan zan faɗi babban ƙorafina, kuma na faɗa masa baki da baki. Gwajin da ba ya cin minti ɗaya, ba ya cin ko sisi, ya kamata a yi shi kafin a miƙa wa mutum baka. Abin da aka tambaye ni ranar farko shi ne, "Da wane hannu kake rubutu?" Na ce dama, aka ba ni bakan dama. Mako uku, wato zuwa aji sau shida, kusan kuɗin wata guda, na kashe su ina koya wa jikina tsayuwar da daga baya sai da na rushe ta. Da mai saurin karaya ne da tuni ya ce abin ba nasa ba ne ya daina zuwa, kuma na tabbata an yi asarar irin waɗannan kafin ni. Abin da zan yaba masa shi ne bai kare kansa ba. Ya ce laifinsa ne, ya ƙara mini mako biyu kyauta, kuma daga wannan rana duk sabon zuwa sai ya tsaya ya leƙa lasifikar masallacin nan kafin ya taɓa komai.

Sai ya shimfiɗa mini hanyoyin da ake bi. Zan iya ci gaba da dama in riƙa rufe idon hagu. Zan iya sa tabarau a manna ɗan salatif mai dishi-dishi a gilashin hagu, daidai inda ido ke kallon tsinin kibiya, haske ya shiga amma hoto ya dushe. Ko kuma in koma harbi da hagu gaba ɗaya, in bi idon. Ya ce wanda ya shekara biyar yana harbi da dama ba zai ce masa ya sauya ba, salatif ya ishe shi. Amma wanda makonsa uku, hannunsa bai riga ya haddace komai ba, gara ya sauya tun yanzu, domin hannu yana koyon sabon aiki, ido kuwa da wuya ya bar halinsa.

Na gwada rufe idon a ranar. Nan take kibiyoyi suka dawo takarda, har na samu ja guda biyu. Daɗi ya kama ni. Amma kafin a tashi gefen fuskata ya gaji, idon da ke buɗe ya fara ruwa, kuma da rana ta yi ƙasa sai duhun ya riga ni ganin takardar. Da na gaji kuma, idon hagun yakan ɗan buɗe ba da sanina ba, kibiya ta koma gidanta na da. Baban nan tsohon soja ya ce haka suke fama da sababbin kurata a filin harbi. Ya ce a ƙaramar bindiga ta hannu abin da sauƙi, mutum ya ɗan karkata kai ya kawo ta gaban idon da ke jagora. Doguwar bindiga kuwa sai an kwantar da kunci a gindinta, don haka kafaɗa da ido dole su zama gefe ɗaya, ga shi yawancinsu ta dama suke tofar da kwanson harsashi, bahago yana shan zafinsa a fuska. Ya tuna mana da mutumin nan na Turkiyya, Yusuf Dikeç, da hotonsa ya cika Facebook a 2024, wanda ya ci azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska daga mita 10, hannu ɗaya a aljihu, idanu biyu a buɗe, alhali abokan karawarsa da yawa sun sa marufi a ido ɗaya. Ya ce wanda idonsa da hannunsa suka yi jituwa, ko ya sa suka yi, shi ke samun wannan sakewar.

Na koma gida da maganar sauyawa a raina, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini nauyi. Mu nan an tashe mu da girmama dama. Da ita ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake bayarwa da karɓa. Na taso ina ganin yadda ake buge hannun yaro in ya miƙa hagu cikin kwano. Da na ba Hajiyarmu labari sai ta ce, "Kai kuma da girmanka za ka koma bahago?" Ba faɗa take ba, mamaki take. Na kwana biyu ina juya abin. Wanda ya warware mini shi ne limamin masallacin layinmu, da na tare shi bayan isha'i. Ya ce ladubban dama suna nan a inda aka ajiye su, a ci da sha da sa tufafi da makamantansu, kuma babu wanda ya ce in taɓa su. Harbi kuwa aikin hannu biyu ne: mai harbin dama ma ai da hagu yake riƙe bakan. Ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin da Alƙur'ani ya ce a tanada da cewa harbi ne, har sau uku yana maimaitawa, kuma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da harbi ya yi suna a cikin sahabbai. Ya ce, "Abin da ake nema a harbi a samu abin da aka auna. Je ka yi da inda Allah Ya ajiye maka ganinka." Na kuma tuna cewa a filin dambe na Ado Bayero Square, in aka ce wane bahago ne, ba raini ake nufi ba, gargaɗi ake wa abokin karawarsa.

Asabar ta gaba na karɓi bakan hagu. Wanda bai sani ba zai ce ai baka baka ne, a juya shi mana. Na zamani ba ya juyuwa. An fafe mariƙinsa ta gefe ɗaya, an yi masa taga inda kibiya ke kwanciya, kuma an sassaƙa wurin riƙon daidai tafin hannu ɗaya. Na dama tagarsa a hagu, na hagu tagarsa a dama. Wannan ya sa na tuna bakan kakanmu, wanda ya yi farauta a dajin Falgore, da kwarinsa na fata da ke rataye a zaure muna yara. Sanda ce kawai da tsirkiya, kibiyoyin kyauro masu bakin ƙarfe da kunnuwa, ana hana mu taɓa su saboda dafin kwankwani. Wannan bakan ba ruwansa da dama ko hagu, duk gefen da maharbi ya ɗora kibiya daidai ne. Ina jin mutanen da can kowa jikinsa ne ke zaɓar masa gefe tun yana yaro yana harbin ƙadangaru, ba tare da an sa wa abin suna ba.

Mako biyun farko da hagu sun fi na farkon wuya a jiki. Ɗana kibiya kawai sai da ya zama aiki, yatsun hagu suna lalube kamar ba nawa ba. Jan laba 20 da na raina da dama, da hagu sai kafaɗa ta riƙa rawa, Malam ya mayar da ni reshe mai laba 18. Tsirkiya ta tsula mini a damtsen dama har wurin ya yi baƙi, domin gwiwar hannun ba ta saba juyawa waje ba. A kan layi kuma kowa ya ba ni baya ko na ba shi, sai ni da maƙwabcina muke fuskantar juna, ido cikin ido, har sai da aka mayar da ni ƙarshen layi. Malam ya ba ni robar taya da ya yanka, ya ce in riƙa ja a gida sau talatin safe da yamma, in kai yatsa kusurwar baki in tsaya, ina jin allon kafaɗa yana matsowa tsakiyar baya. A shago nake yi, tsakanin ɗinki da ɗinki, yaran shago suna ƙirga mini.

Amma tun kibiyar farko da hagu na san an dace. Na ja, tsirkiya ta zo gefen hagu na fuskata, na buɗe idanu biyu, tsinin kibiya ɗaya tak na gani, zaune a ƙarƙashin rawayar. Hannun yana rawa, kibiyar ta faɗa baƙi, ta ƙasa. Amma a tsaye take da tsakiya, ba hagu ba dama. Harbi a wutsiya ya fi kuskure. A mako na biyar da sauyawa na zuba shida duka cikin ja da rawaya daga mita 10, aka matsar da ni mita 18, nisan da ake gasar cikin ɗaki da shi.

Ƙorafina na biyu yana nan har yau. Bakuna takwas ne a wurin, bakwai na dama, ɗaya tak na hagu. Tunda aka fara gwada ido, mu masu hagu mun zama uku a ajin maza, muna karɓa-karɓa da baka guda. Wanda ke da nasa bakan yana harba kibiya sittin a yamma ɗaya, mu da ƙyar muke kai talatin, kuma kuɗinmu ɗaya. Malam ya ce ya yi odar mariƙi biyu na hagu, sun maƙale a hanya, yau wata guda ke nan. Na yarda da shi, amma wanda zai zo ya tambaya tukuna ko sun iso. Fatar yatsu ta hagu ma babu, ita ma tana da gefe. Na ɗauki ta dama na kai wa wani baduku a Kasuwar Kurmi, na ce ya juya ta ya yanka mini irinta. Ya jujjuya ta a hannu, ya kawo fatar akuya mai laushi ya ninka biyu, ya ɗinke da jijiya, ya ce in dawo bayan azahar. Ta fi ta kantin zama a hannu, kuma kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Na sa ya yi uku, na ba sauran biyun.

Akwai ƙananan abubuwa. Babu rumfa, mai jiran layi a rana yake tsaye, kuma a watannin zafin Kano wannan ba wasa ba ne; a zo da ruwa da hula. Kibiyoyin aro wasunsu sun ɗan tanƙware, wasu gashin gindinsu ya ɓare, sai mutum ya mirgina su a tafin hannu ya zaɓa. Buhunan da ake harbi sun yi laushi a tsakiya har kibiya na fita ta baya. Wannan kam na ɗauke masa, domin abin da tela ya fi kowa shi ne ƙyalle: duk mako biyu ina kawo buhu guda na yankakkun atamfa da shadda, mu cusa mu danne da ƙafa, kuma yana tsayar da kibiya fiye da soson katifar da ake sawa da. Ana tsayawa sallar magariba a kan lokaci, akwai buta da tabarma. Ranar da hazo ya yi yawa ko iska ta taso, yakan aiko da saƙo ta WhatsApp tun da rana, kuma yana rama ranar.

Wanda ke son kai ɗansa, ko shi kansa yake neman abin da zai miƙar masa da baya ya kuma tattara masa hankali wuri ɗaya, ina ba shi shawarar ya je. Ciwon kafaɗata bai tafi duka ba, amma yanzu ina kai la'asar a kan keke ban tashi na miƙe ba. Kafin ya je dai, ya tsaya a ƙofar gidansa ya haɗa tafukansa, ya leƙa wani abu mai nisa, ya san idonsa. In ya fito hagu, ya faɗa tun a bakin ƙofa, ya ce bakan hagu yake so, ko da da dama yake rubutu, kuma ya tambayi mutum nawa ne ke kan bakan.

Makon jiya na kai ƙaramin, mai shekara 9, da ya daɗe yana naci. Malam ya durƙusa daidai tsayinsa, ya haɗa masa 'yan tafukansa, ya nuna masa lasifikar. Yaron ya jawo hannuwan a hankali, harshe a waje, har suka taɓa fuskarsa. Idon hagu. Malam ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, kun zama huɗu." Da muka dawo gida na auna yatsunsa uku da tef, na rubuta awon a bayan littafin shago, gobe in Allah Ya kai mu zan biya ta Kurmi.